Harabar jami'a a matsayin ɗakin gwajin ɗalibai: ina aka samo tsarin, kuma me yake buƙata?

A farkon watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka ware wa mafi yawan awannin wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa guda, daga abin da bai kai naira 70 ba. Jami'o'in gwamnati da yawa suna cikin wannan rukuni, don haka kuɗin wutarsu na wata ya ninka sama da sau uku a dare ɗaya, ga kuma dizal ɗin da janaretoci ke sha wanda dama ya riga ya yi tashin gwauron zabo. A watan Yulin shekarar hukumomin Jami'ar Benin sun rufe makarantar bayan ɗalibai sun tare babbar hanya saboda rashin wuta.

Tun daga lokacin maganganu biyu suke yawo a tarurrukan ilimi da kafafen sada zumunta. Wasu na cewa a kafa wa jami'o'i tashoshin sola. Wasu kuma na cewa wurin da ke cike da injiniyoyi da masana kimiyya bai kamata ya zauna jiran ɗan kwangila ba, a bar ɗalibai su yi nazarin matsalolin harabarsu su nemo mafita. Mutane da yawa sun ɗauki maganganun biyu a matsayin abu guda, alhali jami'a tana iya mallakar dubban farantan sola ba tare da ɗalibi ko ɗaya ya taɓa leƙa ɗakin na'urorin ba.

## Abin da ake nufi

Ci gaba mai ɗorewa, a ma'anar da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ya bayar a 1987, shi ne biyan buƙatun mutanen yau ba tare da tauye wa na gobe damar biyan nasu ba. A jami'a maganar ta sauko kan abubuwan da kowa ke gani: wuta, ruwa, shara, abinci, zirga-zirgar motoci, bishiyoyi, da yadda aka tsara gine-gine.

Mayar da haraba ɗakin gwaji kuwa yana nufin a ɗauki waɗannan abubuwa na gaske su zama kayan karatu da bincike. Maimakon malami ya rubuta wa ɗalibai lissafin wani ƙagaggen gini a allo, sai a ba su takardun kuɗin wutar ɗakin karatu na shekara biyu, su gano inda wutar take tafiya. Abin ya yi kama da asibitin koyarwa, inda ake duba majiyyaci na gaske kuma ake horar da ɗalibi a lokaci guda, amma ba a sakar masa wuƙar tiyata shi kaɗai.

Sharuɗɗa uku ne suka raba wannan tsari da sauran ayyukan ɗalibai. Dole matsalar ta kasance ta gaske, wadda wani ma'aikacin jami'a yake fama da ita kuma yake son amsarta. Dole aikin ya shiga cikin darasi, a ba shi maki. Sannan sakamakon ya koma hannun wanda ke da ikon aiwatarwa. Fitowar ƙungiyar ɗalibai sharar haraba ranar Asabar ko dashen itatuwa a ranar muhalli abu ne mai kyau, amma aikin sa kai ne, ba shi ake nufi a nan ba.

## Daga Talloires zuwa Vancouver

A watan Oktoban 1990 shugaban Jami'ar Tufts ta Amurka, Jean Mayer, ya tara shugabannin jami'o'i 22 a garin Talloires na Faransa. Sun sa hannu kan sanarwa mai ƙudurori 10, ciki har da alkawarin cewa jami'o'i za su zama abin koyi wajen tsimin makamashi da rage shara a harabobinsu. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, cikin waɗanda suka sa hannu tun ranar farko akwai shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na lokacin, Farfesa Adamu Nayaya Mohammed, da Farfesa Ayo Banjo na Ibadan, da Akilagpa Sawyerr na Jami'ar Ghana.

Sa hannu daban, aiki daban. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ganin aikin a ƙasa shi ne Jami'ar British Columbia da ke birnin Vancouver a Kanada, wadda aka fi sani da UBC. A 1997 ta fitar da manufar ci gaba mai ɗorewa, a 1998 ta buɗe ofishi na musamman, sannan a farkon shekarun 2000 ta ƙirƙiro shirin da ake kira SEEDS, wanda ke haɗa ɗalibai da malamai da ma'aikata su yi nazarin matsalolin harabar.

Dalilin da ya sa jami'a ta dace da irin wannan gwaji a fili yake. UBC ita ke da filinta, ita ke da gine-ginenta, ita ke kula da bututun ruwa da layukan wuta na cikin harabarta, kuma dubban mutane suna kwana suna tashi a ciki. Ƙaramin gari ne mai hukuma ɗaya. Abin da zai ɗauki ƙaramar hukuma shekaru tana neman amincewar masu gidaje, jami'a tana iya yanke shi a zama ɗaya.

## Yadda aiki ɗaya yake tafiya

A tsarin SEEDS tambaya ba daga malami take fitowa ba. Daga ma'aikaci take fitowa: mai kula da ɗakunan cin abinci, ko jami'in shara, ko mai kula da lambuna. Ofishin shirin sai ya nemo darasin da tambayar ta dace da shi, ya zaunar da malamin da ma'aikacin su daidaita girman aikin yadda zai ƙare cikin zango ɗaya. Ɗalibai su tattara bayanai, su gabatar da abin da suka samu a gaban ma'aikacin, a kuma ajiye rahoton a wani rumbu na intanet da kowa zai iya buɗewa. Ta wannan hanya aka yi nazarin tsarin abincin jami'ar na shekaru da dama, aka kuma ƙirga tsuntsayen da ke mutuwa sakamakon karo da gilasan gine-gine, binciken da ya taimaka wajen rubuta ƙa'idojin gini masu kare tsuntsaye.

Rumbun nan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ɗalibi yana zuwa ya wuce, amma matsalar bututu tana nan. Idan rahoton bana yana inda na baɗi zai same shi, sai ya ɗora daga inda aka tsaya. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin shugaban sashe a jami'o'inmu ya san tarin furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe masu baƙar bango da rubutun ruwan zinare, jere a kanta ƙura ta rufe su. Cikinsu akwai ƙidayar shara da gwajin ruwan rijiya da aka maimaita sau da yawa, domin na baya bai san na gaba ya yi ba, kuma sashen ayyuka bai taɓa ganin ko ɗaya ba.

Ba kullum ake buƙatar manyan na'urori ba. A ɗauki misali: ɗalibai sun zagaya ɗakunan kwana sun tarar da tsofaffin ƙwayayen fitila 1,000 masu wat 60, suna ci awa 12 a rana. Idan aka musanya su da na zamani masu wat 9, kowace ƙwaya ta rage wat 51, wato kilowat na awa 612 ke nan a rana gaba ɗaya. A farashin naira 225 na Afrilun 2024, wannan ya kai naira 137,700 a kullum, sama da miliyan 4 a wata. Lissafin ɗan sakandare ne. Wahalar tana wajen samun izinin shiga a ƙirga, da samun wanda zai karɓi takardar ya yi aiki da ita.

Wani lokacin ma ba kaya ake sauyawa ba, ɗabi'a ce. A 2005 Kwalejin Oberlin ta jihar Ohio ta shirya gasar mako biyu tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai, ana nuna musu yawan wutar da suke sha. Amfani da wuta ya ragu da kashi 32 cikin 100, amma na ruwa kashi 3 kacal ya ragu. A Jami'ar Cape Town kuwa, a 2018, shekarar da birnin ya kusa ƙarar da ruwan famfonsa, Dakta Dyllon Randall da ɗalibansa sun tara fitsari daga bayin maza na ginin injiniya, suka haɗa shi da yashi da wasu ƙwayoyin bakteriya, suka fitar da bulo ba tare da an gasa shi a wuta ba.

## Kuɗin fa?

Hanyoyi biyu suka fi shahara. Ta farko ita ce asusu mai juyawa: jami'a ta ware kuɗi, ta ba wani sashe rance ya yi gyaran da zai rage kashe kuɗi, sannan a riƙa mayar da rarar cikin asusun har a biya bashin. Jami'ar Harvard ta daɗe tana gudanar da irin wannan na dala miliyan 12. Ta biyu ita ce ɗalibai su ɗora wa kansu ɗan haraji, kamar yadda na Jami'ar California da ke Berkeley suka kaɗa ƙuri'a a 2007 suka amince da dala 5 a kowane zango, tare da ba ɗalibai rinjaye a kwamitin da ke raba kuɗin.

A Afirka, Jami'ar Strathmore ta Nairobi ta ci bashi mai sauƙin ruwa ta kafa sola mai ƙarfin kilowat 600 a rufin gine-ginenta a 2014, daga baya ta ƙulla yarjejeniyar sayar wa kamfanin wutar Kenya rarar da take samu. Kayan kuma sun zama abin horar da masu haɗa sola.

Asusu mai juyawa yana da sharaɗi guda da ba ya tsallakuwa: sai an iya auna rarar. Jami'ar da mita ɗaya ce a bakin ƙofarta ba za ta iya cewa ga abin da tsangayar kimiyya ta rage ba.

## Inda ake saɓani

Masu goyon baya suna cewa ɗalibin da ya hau rufi ya auna farantin sola da hannunsa ya fi wanda ya haddace zanensa, kuma masu ɗaukar aiki sun daɗe suna kukan cewa masu digiri ba su iya aikin hannu ba. Suna ƙara da cewa jami'a tana samun binciken da da sai ta biya ƙwararre daga waje.

A nan ne masu suka suke shigowa. Idan aikin ya kai a biya ƙwararre, me ya sa ɗalibi zai yi shi a kan maki kawai? Masu kare tsarin suna amsawa da cewa maki ma lada ne, kuma ɗalibin ya fita da abin nunawa. Wasu jami'o'i sun raba gardamar ta hanyar biyan ɗalibai alawus a kan manyan ayyukan da ba na cikin darasi ba.

Ma'aikatan sashen ayyuka suna da nasu uzurin, kuma ba na raini ba ne. Aikinsu shi ne wuta ta kasance, ruwa ya zo. Gwaji kuwa yana iya faɗuwa. UBC ɗin kanta ta ɗanɗana. Ginin cibiyar binciken ci gaba mai ɗorewa, CIRS, da ta buɗe a 2011 an tsara shi ne ya zama zakaran gwajin dafi wajen tsimin makamashi, amma da aka fara amfani da shi bai cika alƙaluman da aka yi hasashe ba, kuma masu binciken jami'ar da kansu suka wallafa dalilan. Tashar da ta buɗe a 2012 don sarrafa ɓuraguzan katako ta yi aiki wajen samar da zafi, amma ɓangaren da aka so ya samar da lantarki daga iskar katakon ya ci karo da matsala, aka koma tafiyar da injin da iskar gas. Ga malami wannan darasi ne mai daraja. Ga ma'aji kuɗi ne da aka kashe. Dukansu suna da gaskiya, shi ya sa jami'o'in da suka daɗe a harkar suke ware inda za a yi gwaji da inda ba a taɓawa, irin su layin wutar asibiti.

Akwai kuma abin da ba a cika furtawa a bainar jama'a ba. Ɗalibin da aka ba shi takardun dizal da awannin da janareta ya yi aiki zai iya gano cewa lissafin bai haɗu ba. A duk inda ake da irin wannan giɓi, ba za a yi maraba da mai riƙe da biro da takarda ba.

Wata sukar ta shafi ado. Tun da Jami'ar Indonesiya ta fara jera jami'o'in duniya bisa kula da muhalli a 2010, mujallar Times Higher Education ta biyo baya a 2019 da nata jerin bisa muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu jami'o'i sun fi damuwa da abin da za a cike a fom fiye da abin da ya sauya. Kwandunan shara masu launi uku suna kyau a hoto, amma idan mota ɗaya ce ke zuwa ta juye su wuri guda, ba a raba komai ba. Masu shakka suna kuma tambaya ko ragin da aka gani a gasar mako biyu yana wanzuwa bayan an raba kyaututtuka, da kuma ko abin da ya yi aiki a cikin katangar jami'a zai yi a unguwar da ba mai iko guda.

Sannan mazauna ɗakunan kwana mutane ne. Mitar da ke nuna lokacin da aka kunna wuta tana nuna lokacin da mai ɗaki yake ciki. Bincike irin wannan yana buƙatar izini da sakaya suna, kamar kowane bincike da ya shafi ɗan Adam.

## Jami'o'inmu: akwai kayan, ina mahaɗin?

Ta fuskar kaya, jami'o'in arewacin Najeriya ba su fara daga sifili ba. A ƙarƙashin shirin samar wa manyan makarantu wuta na hukumar samar da lantarki a karkara, REA, wanda aka tsara don jami'o'in tarayya 37 da asibitocin koyarwa 7, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Satumban 2019. Shirin ya haɗa da cibiyar horo, da koyar da ɗalibai mata 20 a kowace jami'a yayin aikin ginin. Jami'ar Bayero tana kuma da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980, wadda ta yi aiki kan murhun sola da na'urar busar da amfanin gona da iskar girki daga kashin dabbobi. Jami'ar Ahmadu Bello tana tace ruwan shanta daga dam ɗin Kubanni, ga gonakin bincike a Samaru da Shika. A Nijar, jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin da ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasar tun ƙarshen shekarun 1960.

Tambayoyin bincike ma suna nan birjik, kuma ba irin na Vancouver ba ne. A lokacin hunturu ƙura tana kwantawa a kan farantin sola har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa. Nawa take rage wutar? Bayan kwana nawa ya kamata a wanke, kuma ruwan wankin ya cancanci abin da aka samu a wurin da ruwan ma sayensa ake yi? Layi biyu na faranti, ɗaya ana wankewa ɗaya an bar shi, da ɗalibi mai rubuta alƙaluma kowace azahar daga Nuwamba zuwa Maris, sun isa su ba da amsar da za ta amfani kowane mai sola a Kano ko Maraɗi. Haka batun zafin ɗakunan lacca a watan Afrilu, da tankunan da ke cika suna zuba har safiya saboda ba mai kashe famfo, da ledar fiyawata da ke toshe magudanai da damina.

Ƙofar manhaja ma a buɗe take. Sabon tsarin karatu da hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a watan Disambar 2022 ya tanadi kashi 70 na darussa daga hukumar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara bisa yanayinta. Ga furojet ɗin ajin ƙarshe da kowa ke yi, ga horon sanin makamar aiki na SIWES wanda ɗalibai ke shan wahalar neman gurbi a kamfanoni alhali tashar wuta da matatar ruwa suna cikin makarantarsu.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne ofishin da zai haɗa malami da injiniyan sashen ayyuka, da mitoci a kan kowane gini, da tsayayyen jadawalin karatu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ɗauki kusan wata 9, na 2022 wata 8. Binciken da ke buƙatar auna damina da rani a jere ba ya jure irin wannan katsewa.

## Abin da zai taɓa a rayuwar mutane

Ga iyaye, alaƙar kai tsaye ce. Jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗin rajista a 2023 suna kafa hujja da tsadar gudanarwa, kuma wuta na cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗinsu. Duk abin da aka rage a can yana rage matsin lambar ƙari, ko da yake ba abin da ke tilasta wa jami'a ta mayar da rarar ga ɗalibai. Idan kuma aka bi hanyar Berkeley, sabon caji ne a kan takardar rajista, kuma zai yi wuya iyaye su karɓe shi sai sun ga wanda ke riƙe da asusun da yadda ake bayyana lissafinsa.

Ga ɗalibi, sana'ar haɗa sola da gyaran batir da tsara ban-ruwa na cikin waɗanda ke da kasuwa a yanzu. Sai dai aikin fili yana cin kuɗin mota da kayan awo, kuma idan aka bar shi a wuyan ɗalibi, mai hali ne kawai zai yi mai kyau.

Akwai kuma waɗanda ba a cika gayyata taron ba: masu shara, 'yan jari-bola da ke tsintar robobi da gwangwani a bolar jami'a, masu sayar da abinci a bakin ɗakunan kwana, da manoman da ke makwabtaka da dam. Shirin raba shara da ya miƙa robobin ga wani kamfani ya raba ɗan jari-bola da abincinsa, wanda kuma ya sa shi cikin tsarin ya samu mutumin da ya fi kowa sanin abin da ake zubarwa da farashinsa.

Sauran matakan shirin REA da gine-ginen da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ke ɗaukar nauyi suna ci gaba da shigo da sababbin kaya harabobi. A takardar kwangila ake yanke ko za a saka mita a kowane gini, ko alƙaluman tashar za su isa ga malamai da ɗalibai, da kuma wanda zai riƙe makullin ɗakin na'urori bayan wa'adin ɗan kwangila na kula da tashar ya ƙare.